Kafin ka zaɓa wa ma'aikatarku manhajar tace saƙonnin bogi na imel

Bara wani kamfani mai ma'aikata kusan 80 ya kira ni cikin gaggawa. Manhajar da ke tace musu imel ta tsare saƙon wani babban abokin cinikinsu, ba a gano shi ba sai bayan mako biyu, lokacin ciniki ya riga ya kuɓuce. Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa a kowace manhaja shi ne: saƙonnin kirki nawa take tsarewa bisa kuskure?

Idan kuna amfani da Google Workspace ko Microsoft 365, akwai rariya a cikinsu. Ku fara gyara saitinta kafin ku kashe kuɗi a kan Proofpoint ko Mimecast. In kuwa sabar imel ɗin taku ce ta kanku, akwai SpamAssassin da Rspamd kyauta. SpamAssassin maki take ba kowane saƙo, wanda ya kai 5 sai ta ɗauke shi na bogi. Sai dai fa kayan kyauta na buƙatar mai kula da su kullum.

Duk wadda kuka zaɓa, ku gwada ta tsawon wata guda. Ku tabbatar kowane ma'aikaci zai iya duba saƙonnin da aka tsare masa, ya saki na gaskiya da kansa.

Kada ku manta da saita SPF, DKIM da DMARC, domin su ne ke daƙile 'yan damfara masu aika saƙo da adireshin kamfaninku. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta su ga masu aika masa saƙo 5,000 a rana.