Damina da Lafiyar Yara a Magariya da Dungas

Ruwan da ke raya gero a Magariya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, shi ne kuma ke cika gadajen asibiti. Daga Yuli zuwa Oktoba kududdufai da ramukan da aka haƙa don bulo suna cika. Cikin kwana 10 ko makamancin haka, ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo. A daidai wannan lokaci rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Sai zazzaɓin cizon sauro ya tarar da yaro da tamowa a jikinsa. Zazzaɓin yana fasa ƙwayoyin jini, tamowa ta hana jiki ramawa. Abin da uwa ke gani shi ne tafin hannu ya yi fari, cikin ido ya yi fari, yaro ya ƙi nono.

Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, tana aiki a Magariya tun 2005. A daminar 2018 ta ba da rahoton da ya girgiza jama'a: yara fiye da 700 kwance a sashen yara na asibitin Magariya lokaci guda, kuma aka yi wata guda ana rasa kimanin yara 10 kowace rana. Yara 10, kowace rana. Da yawansu an kawo su ne a makare, jini ya riga ya ƙare.

Makarar nan ita ce bambancin ɗan gari da ɗan ƙauye. Sauron dai ɗaya ne, amma mai tasowa daga ƙauyen da ke kan iyakar Jigawa sai ya nemi amalanke ko ɗan kabu-kabu, ga yashi, ga hanya ta yanke, ga noma bai bar kowa a gida ba. Don rage wannan tafiya aka buɗe sashen yara mai gado 200 a Dungas a daminar 2016.

Akwai kuma riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, Nijar ta soma a 2013, har da Magariya. Ana ba yaro daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 magani na kwana uku, wata-wata. Ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, sauran kwana biyun kuwa a hannun uwa suke.