Motar da ake kwana a cikinta: za ta tsira daga tsuke bakin aljihun Volkswagen?

A ranar 20 ga Disamba, 2024, kamfanin motoci na Volkswagen da ƙungiyar ma'aikata ta IG Metall a Jamus suka cimma yarjejeniya bayan makonni ana ja-in-ja da yajin aikin gargaɗi. Kamfanin zai rage guraben aiki sama da 35,000 a ƙasar kafin 2030, zai kuma rage yawan motocin da masana'antunsa na can ke iya fitarwa da kimanin 734,000 a shekara. In aka shiga irin wannan hali, sai a bi motocin kamfani ɗaya bayan ɗaya, a ga wacce ke kawo kuɗi da wacce ke cin su. Cikin waɗanda lissafin zai biyo ta kansu akwai wata mai suna California, motar da aka yi ta don a kwana a ciki.

Kana iya cewa, ina ruwan mutumin birnin Zariya da motar shaƙatawar Turawa? Ruwanka na nan, domin lissafin da zai yanke mata hukunci shi ne ya yanke wa motocin da kake shiga kullum.

Wace irin mota ce wannan?

Ƙaramar bas ce, girman Hayis ko kusa da haka. Rufinta ana ɗaga shi sama ya zama kamar tanti, a ciki akwai shimfiɗar mutum biyu. Kujerun baya kuma ana kwantar da su su zama gado. Wadda ta fi tsada tana da murhun gas, da ƙaramin firji, da tankin ruwa, da wurin wanke kwano. Iyali su shiga a lokacin hutu, su nufi bakin teku ko cikin duwatsu, su tsaya a filayen da aka tanada masu wuta da banɗaki, su kwana ba tare da sun biya kuɗin otal ba.

Hanya biyu ake samun irinta. Ko dai ka sayi bas babu komai a ciki ka kai wa masu gyara su saka maka gado da kabad, ko kuma ka saye ta a shirye daga kamfanin da ya ƙera motar. Volkswagen ya fara da hanyar farko: tun 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ke gyara masa bas ɗin Kombi, wadda danginta ne mutanen Legas suka mayar danfo. Sunan California ya fito a 1988. Daga farkon shekarun 2000 kamfanin ya karɓe aikin ya riƙa yi da kansa a wata masana'anta da ke unguwar Limmer a birnin Hanover. Zuwa 2024 an ƙera sama da 280,000.

Yaya kamfani ke gane mota na kawo riba?

Kuɗin ƙera mota kashi biyu ne. Akwai wanda ake kashewa tun kafin a sayar da ko guda: zane, gwaje-gwaje, har da buga sababbin motoci da bango a ga yadda za su kare fasinja, da sayen manyan injinan da ke lanƙwasa ƙarfe, da gina layin harhaɗawa. Wannan kuɗin ba ruwansa da ciniki. Ko an sayar ko ba a sayar ba, ya riga ya tafi. Sai kashi na biyu, wanda ke bin kowace mota: ƙarfe, inji, taya, gilashi, ladan ma'aikaci.

Ga misali, don lissafin ya fito fili. A ce an kashe naira biliyan 10 a kashin farko. In aka sayar da mota 100,000, kowacce ta ɗauki nauyin naira 100,000. In kuwa 2,000 kawai aka sayar, kowacce sai ta ɗauki naira miliyan 5. Shi ya sa motar da masu sayenta ba su da yawa dole ta yi ɗaya daga cikin biyu: ko ta yi tsada ƙwarai, ko ta raba kayan ciki da wata motar da ake sayarwa da yawa.

Wannan dabara ta biyu ka san ta, ko da ba ka lura ba. Sharan ɗin da ke lodi a Kwangila zuwa Kano da Kaduna, ita da Ford Galaxy da SEAT Alhambra na farko, gida ɗaya suka fito: wata masana'anta a Palmela ta ƙasar Fotugal, wadda Volkswagen da Ford suka buɗe tare a 1995. Casis ɗaya, wato ƙashin ƙarfen da aka ɗora bodi a kai, kuma kaya da yawa iri ɗaya. Dalilin ke nan da bakanike zai ce maka, “Ranka ya daɗe, na Galaxy ma zai shiga.”

Duk da haka, a 2022 Volkswagen ya daina ƙera Sharan. Turawa sun koma sayen jif, cinikinta ya ja baya, aka rufe babinta. Ga ta cike da hanyoyinmu, amma ta hannu muke saye, bayan ta gama shekarunta a Turai. Kuɗinmu hannun dillali da mai fito yake shiga, ba ya isa aljihun wanda ya ƙera ta, saboda haka son da muke mata ba ya cikin lissafi.

To, California ɗin fa, tana ciyar da kanta?

Kamfanonin motoci ba sa bayyana ribar kowace mota ita kaɗai, jimilla suke fitarwa. Amma yadda aka gina motar ya isa ya nuna inda take da ƙarfi da inda take da rauni.

Ƙarfinta shi ne ba daga tushe ake ƙera ta ba. Sabuwar da ta fito a 2024 a kan bas ɗin Multivan aka ɗora ta. Babbar yayarta, Grand California, a kan bas ɗin Crafter take, ana yin ta a Folan. Inji da giya da birki duk an riga an biya kuɗin zanensu. Abin da aka ƙara shi ne rufi da gado da kabad, kuma a nan kuɗin yake: a 2024 farashin sabuwar California a Jamus ya fara ne daga sama da Yuro 60,000, ya haura na bas ɗin da ba a saka wa komai ba da dubban Yuro. Masu ɗinkin hannu na cikin birni za su fi kowa fahimtar wannan. Shadda kowa ya san kuɗinta a kasuwa, ribarta kaɗan ce. A kan aikin aska takwas da aka zuba a wuyan riga ake cin kuɗi. Masu sayen irin wannan mota kuma ba talakawa ba ne, sukan ƙara wannan su ƙara wancan, kuma ko sun tashi sayarwa ba ta faɗuwa warwas kamar sauran motoci. A lokacin annobar korona, da otal da jirgi suka zama abin tsoro, kasuwar motocin kwana ta buɗe sosai a Turai.

Rauninta ma daga wuri ɗaya ya fito. Saka kabad da bututun ruwa da wayoyin wuta aikin hannu ne, inji ba ya yin sa da sauri, ga ladan ma'aikaci a Jamus na cikin mafi tsada a duniya. Sannan ranta a hannun Multivan yake: ranar da aka daina waccan, ita ma ta tafi. Ga dokokin Tarayyar Turai da ke matsa wa kamfanoni su koma motocin lantarki, alhali mota mai ɗauke da firji da tankin ruwa ta riga ta yi nauyi kafin a ɗora mata batir.

Dubi yadda aka yi da wasu. T-Roc mai buɗaɗɗen rufi, wadda ake yi a Osnabrück, an sa mata wa'adi zuwa 2027. Golf za a kwashe aikinta zuwa Puebla a Meziko. Sabuwar bas ɗin Transporter kuwa masana'antar Ford da ke Turkiyya ce ke ƙera ta. Amma yarjejeniyar ta bar Multivan a Hanover. A ganina California ba ta cikin na gaba-gaba a layin yanka. Abin da ya fi kusa shi ne a rage yawan nau'o'inta, ko a sauya inda ake haɗa ta, ko a miƙa aikin ga wani kamfani na waje, kamar yadda Ford ke ba Westfalia aikin tasa motar kwanan mai suna Nugget.

An taɓa yin irin wannan lissafi kusa da mu?

An yi, a Kakuri ta Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, masana'antar ta fara aiki a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon. Kayan motar a wargaje suke zuwa, a jirgin sama daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, daga nan manyan motoci su ɗauko su su ratsa ta Zariya zuwa Kaduna. Daga 504 guda ɗaya aka fitar da salun ta ma'aikatan gwamnati, da wagon ta haya, da a-kori-kura ta 'yan kasuwa da manoma, har da motar asibiti. Faransa ta daina yin salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, saboda a nan akwai masu saye.

Abin da ya karya masana'antar ba lalacewar mota ba ne. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, gwamnati ta rage saye, motocin Kwatano suka cika kasuwa. Yawan da ake fitarwa ya ragu daga dubbai masu yawa a shekara zuwa ɗan abin da bai isa ya ɗauki nauyin masana'anta ba. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi. A 2022 wata sabuwar masana'anta, haɗin gwiwar Dangote da gwamnatin Kaduna da Peugeot, ta fara harhaɗa motoci a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Me ya sa ba a ƙera motar kwana a nan?

Babu masu saye. Wa zai ajiye mota a dajin Birnin Gwari ya ce zai kwana don nishaɗi? Mu kuma in tafiya ta kama, gidan ɗan'uwa ko na aboki ake sauka, kuma abin kunya ne baƙo ya kwana a mota alhali ga zaure. Ka ƙara da kuɗin fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, da lungunan cikin birni waɗanda in ka baro babban titin Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, wasunsu ko Keke Napep sai ta yi dabara.

Motocin da muke sauya wa fasali na buƙata ne: motar ɗaukar gawa ta masallacin unguwa, motar asibiti, bas ɗin 'yan makaranta, motar mai tallan magani da lasifika a ka. Kusan duka a garejin Tudun Wada ko Sabon Gari ake yin su. Mai walda ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa ƙarfe a ƙasa, ya ɗaura sanduna biyu da makara za ta zauna a kai, mai fenti ya rubuta sunan ƙungiya a gefe. Ba shi da kuɗin zane ko na gwaji da zai raba a kan motoci, shi ya sa yake iya yin guda ɗaya tak ya ci riba, abin da babban kamfani ba zai iya ba.

Wanne ya fi, na kamfani ko na gareji?

Na kamfani ya fi tsaro, domin an gwada shi, an auna nauyin da birki da taya za su iya ɗauka, kuma yana da garanti. Na gareji ya fi araha nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya gwada kujerar da aka ƙara a but ɗin Sharan ya ga abin da zai faru da mai zama a kanta in aka buge motar ta baya.

Idan kai ko ƙungiyarku za ku sayi mota don a sauya mata fasali, kada ado ya ɗauke muku hankali. Ku fara tambaya a kan wace mota aka gina ta, ko har yanzu ana ƙera ta, da kuma waɗanne motoci ne suke raba inji da giya da ita. Ku je da bakanike wurin masu kayan gyara ku ji farashin famfon mai da giyabos da gilashin gaba kafin ku biya. In an ƙara mata nauyi, a sake duba birki da sifirin da taya, kuma duk wata walda da ta taɓa casis a nuna muku ita kafin a shafa fenti.