Hutu a jirgin ruwa: Abin da ya bambanta na alfarma da na gama-gari

Duk wanda ya leƙa tallan kamfanonin da ke kai mutane yawon shaƙatawa a teku zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Jirage biyu za su tashi daga tasha ɗaya a Italiya, su yi kwana bakwai suna zagaya Bahar Rum, su yada zango a kusan garuruwa iri ɗaya, amma kuɗin ɗayan ya ninka na ɗayan sau huɗu ko biyar. Na farko shi ne na gama-gari, irin na kamfanonin Royal Caribbean da MSC da Carnival, wanda a wasu lokuta ake samun ɗakinsa a ƙasa da Dala 150 a kwana. Na biyu shi ne na alfarma, irin na Regent Seven Seas da Silversea da Seabourn, wanda sau da yawa yakan haura Dala 500 a kwana ga mutum ɗaya.

Abu na farko da ya kamata mai niyyar tafiya ya sani shi ne, waɗannan alƙaluma biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. A jirgin gama-gari, kuɗin da aka rubuta a talla na ɗaki ne da abincin manyan ɗakunan cin abinci da wasannin dare. Sauran abubuwa sai an shiga ake biya. Akwai tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, wanda a manyan kamfanonin Amurka ya kama daga Dala 16 zuwa 20. Idan muka ɗauki Dala 18, magidanci da uwargida da yara biyu za su biya Dala 504 a kwana bakwai, tun ba su sayi ko lemon kwalba ba. Intanet da kuɗinsa, gidajen abinci na musamman da kuɗinsu, haka motar da za ta zagaya da mutum cikin gari idan an tsaya a tasha. Da yake komai da katin ɗaki ake saye, ba a jin zafin fitar kuɗin sai daren ƙarshe da takardar lissafi ta iso.

A jirgin alfarma kuwa, an dunƙule yawancin waɗannan a cikin kuɗin farko. Regent, alal misali, ya haɗa har da yawon buɗe ido a garuruwan da ake tsayawa, ban da tukwici da intanet da abin sha. Silversea yana ba kowane ɗaki hadimi mai kula da shi. Saboda haka idan aka yi lissafi na gaskiya tazarar takan ragu, ko da yake ba ta gushewa.

Sai dai a nan ne ya kamata yawancin masu karanta wannan shafi su dakata. Wani kaso mai tsoka na abin da ake cewa “an haɗa a ciki” a jiragen alfarma giya ce, kuma mai tsada. Wanda ba ya sha ya biya kuɗinta, kuma babu kamfanin da zai rage masa ko sisi don ya ce shayi da ruwan ’ya’yan itace kawai yake buƙata. A jirgin gama-gari kuwa, giya na daga cikin abubuwan da suka fi kumbura wa Turawa lissafi, don haka wanda ba ruwansa da ita ya tsira daga babban rami tun daga farko. Ke nan irin lissafin da ake yi wa Bature a nuna masa cewa jirgin alfarma ya kusa zama daidai da na gama-gari, ba lallai ne ya yi aiki a kan ɗan kasuwar Kantin Kwari ba.

To me ya rage da mutum yake saye da wannan ƙarin kuɗi? Sarari da natsuwa. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 tare da ma'aikata 2,350. Gari ne sukutum a kan ruwa, da wuraren ninƙaya da dandalin wasan yara da layin shaguna. Seven Seas Explorer na kamfanin Regent kuwa fasinja kimanin 750 yake ɗauka, ma'aikatansa kusan 550. Wato a na farko ma'aikaci ɗaya yana hidimar mutum uku ne idan jirgin ya cika, a na biyu kuma ma'aikata kusan uku ne ga kowane mutum huɗu. Ana ganin wannan bambanci a layin karin kumallo, da wajen neman kujera a bakin ruwa, da kuma lokacin sauka a tasha, inda dubban mutane ke son fita a sa'a ɗaya. Ɗaki mafi araha a babban jirgi ba shi da ko taga, alhali a Explorer kowane ɗaki da barandarsa mai kallon teku.

Ba kowa ne natsuwa ke yi wa daɗi ba. Mai tafiya da yara zai fi samun sauƙi a babban jirgi, inda akwai masu kula da su tun safe har dare. A jirgin alfarma yawancin fasinjojin dattawa ne da suka ajiye aiki, kuma yaro mai ƙiriniya zai gundura, iyayensa su wuni suna ba mutane haƙuri. Kamfanin Viking ma ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Sannan babban jirgi ya fi ƙarami jure wa igiyar ruwa, abin da mai saurin jiri zai so ya sani.

Kada kuma a ɗauka tsada ita ce aminci. Silversea mallakar rukunin Royal Caribbean ne, Seabourn na Carnival, Regent na Norwegian, kuma dokokin kare rayuka a teku iri ɗaya ne ke kansu duka.

Ga matafiyi daga Najeriya, akwai abin da ke zuwa kafin duk wannan, wato biza da tikitin jirgin sama. Zagayen Bahar Rum na buƙatar bizar Schengen, kuma idan jirgin zai fita yankin ya dawo, kamar ya taɓa Turkiyya, sai mai izinin shiga fiye da sau ɗaya. Tashi daga Miami sai da bizar Amurka. Wanda ya isa tasha babu cikakkun takardu ba zai hau ba, kuma ba a mayar masa da kuɗi, asarar da ta fi ciwo idan tikitin alfarma ne. Shi ya sa wasu ke duba jiragen MSC da ke tashi daga Durban da Cape Town a lokacin zafin Afirka ta Kudu, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Akwai kuma AROYA na ƙasar Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024: babban jirgi ne mai ɗaukar sama da mutum 3,000, abincinsa halal, babu giya, kuma an tanadi wuraren sallah. A sauran kamfanoni, mai son abincin halal sai ya sanar tun lokacin sayen tikiti.

A ganina, ma'aikaci ko ɗan kasuwar da bai taɓa kwana a teku ba, gara ya fara da gajeriyar tafiya ta kwana uku ko huɗu a jirgin gama-gari, ya ƙara ɗan kuɗi ya kama ɗaki mai baranda. Idan ya dawo yana ƙorafin hayaniya da bin layi, to ya san abin da zai saya a jirgin alfarma. Kafin ya biya ko wanne, ya tuna cewa farashin talla na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, kuma wanda zai tafi shi kaɗai yakan biya kusan ninki.