In Aiki Bai Dace Da Mai Shi Ba

Bayan yunwar 1973 da ta 1984, garuruwa da yawa na ƙasarmu sun buɗe bankin cimaka. Ana sayen hatsi da kaka, lokacin da yake da araha, a ajiye cikin mangaza. In damana ta faɗi, rumbuna suka yi ƙasa, sai a saida wa mutanen gari da rahusa. Kwamiti ke riƙe da bankin: shugaba, magatakarda, ma'aji da mai awo.

To, wani lokaci sai a zaɓi mutum don shi dattijo ne, ko don ɗan'uwan mai gari ne, alhali aikin bai dace da shi ba. Mu ɗauki mai awo. Mutumin kirki ne, amma kunya gare shi. Kowa ya zo sai ya ƙara mishi, ko ya ba shi bashi ba a rubuta ba. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya kamar 40. In tiya guda ta salwanta ga kowane buhu, cikin buhu 40 an yi hasarar buhu guda cur. Wannan abincin wani gida ne.

Mi ya kamata shugaba ya yi? Kada ya yi shiru don kunya, kada kuma ya tozarta shi gaban jama'a. Ya same shi su biyu, da littafin lissafi a hannu, ya ce: "Baba, ga abin da ya shiga, ga abin da ya fita. Ina matsalar take?" Sannan ya saurara.

Matsalar iri uku ce. In bai iya ba ne, a koya mishi, a ba shi wa'adi, kamar wata guda, a sake dubawa. In halinshi ne bai dace da aikin ba, a canza mishi wani. Dattijon da ba ya iya cewa a'a wurin awo, wataƙila babu kamarshi wajen sasanta masu rigima ko kiran taro. In kuwa cin amana ne, a kai magana gaban taron gari, a amshi mabuɗi, ya biya abin da ya ci.

Shugaba ma ya tambayi kanshi: shin na bayyana mishi aikin tun ranar farko? Sau da yawa laifin daga nan yake farawa.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Canza wa mutum aiki ba wulaƙanci ba ne. Abin kunya shi ne a buɗe mangaza cikin watan bakwai a tarar babu hatsi.

Tambayoyi
1. Mi ya sa ake magana da mutum a keɓe?
2. In tiya 2 ke salwanta ga kowane buhu, buhu nawa ake hasara cikin buhu 40?