Koyon Jita da Gangar Kwamfuta

Jita ba ta cikin kayan kiɗan da Bahaushe ya gada. Namu masu tsirkiya su ne garaya da gurmi da molo da kuntigi, wanda marigayi Ɗanmaraya Jos ya shahara da shi. Amma yau matasa da dama sun rungume ta, ni ma ina cikinsu. A wannan ɗan rubutu zan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda ake koyonta tare da manhajar ganga, da kuma abin da hakan ya nuna mini game da harshenmu.

Matsalar mai koyon jita shi kaɗai ita ce riƙe lokaci. Inda kiɗa ya yi sauƙi sai hannu ya yi gudu, inda za a sauya kamun yatsu kuwa sai ya ja baya, mai shi bai ma sani ba. Maganin wannan shi ne makaɗin da zai riƙe maka bugu. To, a Jabi ta Abuja, inda nake yin hutu, gidan haya ne, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Wa zai yarda ka shigo masa da ganguna? Saboda haka sai kwamfuta da abin sawa a kunne.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a 1815 Johann Maelzel ya yi rajistar wata na'ura mai ƙas-ƙas da ke ƙidaya wa makaɗa bugu, a 1980 kuma kamfanin Roland na Japan ya fito da akwatin ganga mai suna TR-808. Manhajoji irin su FL Studio, wadda kafin 2003 ake kira FruityLoops, da Hydrogen, wadda kyauta ce, wannan aikin suka gada. Idan ka buɗe za ka tarar da layuka, kowane layi ganga guda, an yanka shi gida-gida har 16. Duk gidan da ka danna, nan gangar za ta buga, ta yi ta maimaitawa.

Ni dai nakan fara da bugu 60 a minti ɗaya, wato bugu guda kowace daƙiƙa. Babbar ganga a bugu na ɗaya da na uku, ƙarama a na biyu da na huɗu. Sai na yi zagaye goma ba tuntuɓe kafin in ƙara biyar. Abin mamaki, kiɗa a hankali ya fi na sauri wuya, domin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana tona asirin hannu. Atisayen da ya fi yi mini amfani shi ne in sa gangar ta buga zagaye uku, ta yi shiru a na huɗu. Idan ta dawo muka haɗu a kan bugu na ɗaya, to lokacin ya fara zama a jiki.

A nan ne ɗalibin harshe zai ga nasa. Mun karanta a darasin waƙa cewa gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi, kuma mai nauyi tana daidai da marasa nauyi biyu. Gidajen nan na manhaja suna sa ido ya ga wannan. Ɗauki kalmar "makaranta": ma, gida ɗaya, ka, gida ɗaya, ran, gida biyu. Ka jera gaɓoɓin baitin da ka rubuta a haka, nan take za ka ji inda kari ya karye. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Amurka ya daɗe yana nazarin wannan dangantaka tsakanin karin waƙar Hausa da bugun kiɗa. Sai dai a kula, gida 16 na tafiyar huɗu-huɗu ne, alhali kiɗa da yawa a ƙasashenmu uku-uku yake tafiya. Sai an mayar da gidajen 12 kafin ya zauna.

Haɗa jita da gangar inji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Sakkwato Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine ɗan Nijar, ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da bugun inji irin na waƙoƙin finafinanmu, kuma ta wayoyin hannu ya bazu a yankin Sahel.

Inda take gazawa shi ne ba ta da kunne. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyin da hammata, muryar gangar ta hau ko ta sauka ta bi karin sautin magana, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Ka saurari marigayi Mamman Shata da makaɗansa: idan ya ja zance suna biye da shi, idan ya ɗaga su ma su ɗaga. Manhaja kuwa ko ka faɗi ba za ta waiwayo ba. Don haka nakan raba lokacina biyu, minti ashirin da ita, sauran kuma in kashe ta in kunna faifan makaɗa na gaske in bi su.