Bayani A Kan Kantar Bango Marar Ƙafa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, kowa ya san kuɗin hayar shago a kan faɗin ƙasa ake yanka shi, amma bango kyauta ne. Ka leƙa Kantin Kwari ko Singa, sai ka ga kaya jibge a ƙasa, mai saye ba shi da wurin sa ƙafa, ga bango uku a tsaye ba komai a jikinsu. Maganin wannan shi ne kantar da ake kafawa a jikin bango ta zagaye ɗaki, ba ƙafa, ba matokari a ƙarƙashinta.

Ga lissafi. Shago mai ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, in an bar gefen ƙofa, layi ɗaya na kanta zai ba ka kusan ƙafa 28. Layi 3 ya zama 84. In faɗin kantar inci 10 ne, ka sami wurin ajiya da ya kai kashi 7 cikin 10 na daɓen shagon, ba ka ƙara wa mai shago ko kwabo ba. Falanki ƙafa 12 yake zuwa, don haka ka sayi 9, kada a yi maka haɗi a tsakiya.

To, me ke riƙe ta? Rodi ne, irin na gini, mai kaurin rabin inci. Ana binne gindinsa cikin bango kamar inci 4, sauran ya shige cikin ramin da kafinta ya huda a gefen katakon, ya ci kashi biyu cikin uku na faɗinsa. Saboda haka katakon sai mai kaurin inci 2. Tsakanin rodi da rodi kada ya wuce ƙafa 2, in kuwa kaya masu nauyi za a ɗora, a matso da su inci 16.

A nan ake yin ɓarna, sai a saurara. Ƙarfin wannan kanta duk a bango yake, don haka ka san bangonka tukuna.

In bulon siminti ne, ka tuna cikinsa rami ne, fatarsa ba ta fi inci ɗaya da 'yan kai ba. Rodin da aka soka a nan kawai, yau yana tsaye, gobe ya sunkuya. Sai magini ya fasa wurin, ya cusa takardar buhu ta tare ƙasan ramin, ya cika da kankare, ya dasa rodin a ciki. A riƙa yayyafa ruwa, a ba shi kwana 7 kafin a ɗora katako. Bulo mai inci 9 ya fi dacewa. Mai inci 6 kuwa, a yi hankali, kada ka ɓulla shagon maƙwabci ku kwana a gaban sarkin kasuwa.

In ginin ƙasa ne, ko rumfar kwano, ka haƙura. Ƙasa ba ta riƙe rodi, da damina ta jiƙa shi sai ya saki. Shi ya sa magabata alkuki suke yi a cikin bango. A irin wannan wuri a sa wa kanta ƙafa ta tsaya a ƙasa.

Sai maganar awo. Kada kafinta ya auna daga daɓe, don daɓen kasuwa ba kasafai yake lebur ba. A sami siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, a zuba ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa, a bi kusurwa-kusurwa ana sa alama inda ruwan ya tsaya. Ruwa ba ya ƙarya. A bar bakin rodin ya ɗan ɗaga sama kaɗan, in nauyi ya hau sai ya daidaita. Kafin a huda kuma, a duba inda wayar lantarki ta bi. Kada a huda daidai saman soket ko makunni.

Wajen sayen katako, a nemi busasshe. Ɗanye da ya sha iskar hunturu sai ya murɗe ya tsage. Maɗaci da loko sun fi farin katako ƙarfi da jure gara, ko da yake sun fi tsada. Araha ba ta ado. Kowanne aka saya a shafe shi da maganin gara, a bari ya bushe sarai kafin kayan abinci ko yadi su hau.

Wajen jera kaya, ga ƙa'ida: abin da aka ajiye a bakin kanta, inci 10 daga bango, yana jan rodi ninki biyu na wanda ke inci 5. Don haka mai nauyi ya jingina da bango, marar nauyi ya zo gaba. Atamfa, shadda, sabulu, ashana, ganyen shayi, takalma, duk sama. Jarkar mai lita 25 ta haura kilo 20, buhun shinkafa kilo 50 ne, waɗannan wurinsu ƙasa. Layin da ke saman kai kada a sa masa kwalba. A gargaɗi yaron shago, kanta ba tsani ba ce. Ranar farko a gwada ta da jakunkunan yashi su kwana, kafin a amince mata da jari.

Na ƙarshe, wannan naku ne dillalai. Mai haya kada ya fasa bango sai da iznin mai shago. A rubuta a gaban shaidu: in an tashi, katakon na wa, kuma wa zai toshe ramuka? Maganar da aka yi tun da fari ita ke hana shari'a.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da asara. Wassalam.