Sunayen Tsuntsaye a Bakin Ruwan Tagwai

A ƙasashen da ke gaɓar teku akwai mutanen da sukan yi hayar jirgin ruwa su nausa cikin teku don kawai su kalli tsuntsaye. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ana yin irin wannan fita, haka kuma a Dakar ta Sanagal masu wannan sha'awa kan zauna a gaɓa suna ƙirga tsuntsayen da ke wucewa lokacin ƙaura. Mu a Minna ba mu da teku. Abin da muke da shi madatsun ruwa ne: ta Tagwai da ke ba gari ruwan sha, da ta Bosso, sai ta Shiroro a kan kogin Kaduna wadda ta fara aiki a 1990, da kuma ta Kainji a kan kogin Kwara wadda aka kammala a 1968. Wannan 'yar maƙala za ta yi tsokaci ne a kan abin da ɗalibin harshe zai samu idan ya yi sammako zuwa irin waɗannan wurare.

Ranar da na fara zuwa Tagwai, da madubin hangen nesa na aro da ɗan littafin rubutu, na ɗauka na san tsuntsaye. Na tarar da wani dattijo masunci yana gyaran koma. Bayan mun gaisa sai ya nuna mini wani garke a kan ruwa, ya ce, "Ɗan samari, waɗancan fa?" Na ce, "Agwagin ruwa ne, Baba." Ya yi dariya ya ce kirinjijiya ce, in saurari fitonta idan ta tashi. Ita dinya, in ji shi, ta fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma tana da ƙaya a fiffike. Cikin awa guda ya ambata mini zalɓe, wanda kan tsaya cik cikin ruwa yana dakon kifi, da jinjimi, da zakaran ƙeƙuwa mai yawan kururuwa. Duk na taɓa jin sunayen, amma ban taɓa haɗa suna da mai shi ba.

A nan ne matsalar take, ya ɗan'uwa ɗalibi. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen tsuntsaye, sai dai ƙamus ba ya nuna maka yadda tsuntsu ke tashi ko yadda yake kuka. Mukan ce wane ya yi shigar burtu, alhali da yawanmu ba su san burtu wani babban baƙin tsuntsu ne mai yawo a ƙasa ba, wanda maharba kan ɗaura siffar kansa a goshi su duƙa don su yaudari namun daji. Wanda ya san wannan ba ya buƙatar a fassara masa maganar. Haka kuma babba-da-jaka: kallo ɗaya za ka yi wa abin da ke reto a wuyansa ka gane inda sunan ya samo asali.

Kallon yana kuma koyar da lokaci. Shamuwa takan iso mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, idan ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Da hunturu kuwa wasu baƙin ne ke zuwa daga Turai, bayan sun ƙetare hamadar Sahara. Ita ma balbelar da muke rainawa a bayan shanu matafiyiya ce, domin danginta sun ƙetare tekun Atlantika da kansu zuwa Kudancin Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19.

Abin da ya fi damuna shi ne wasu tsuntsayen suna ɓacewa, sunayen kuma suna bin su. A da kowace mahauta tana da ungulayenta. A 2015 aka sanya wannan ungulu a jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don magani. Gauraka ma ta yi wuyar gani a Nijeriya. Yaron da bai taɓa ganin ungulu ba, yaya za ka bayyana masa cewa ba ta jewar banza?

Masana kimiyya suna nasu ƙoƙarin. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a kusa da Jos. Tattara sunayen Hausa da na Gwari da na Nufe kuwa aikinmu ne. Mai niyyar fita ya tafi da sassafe, ya sa tufafi marasa ɗaukar ido, ya rubuta suna yadda aka faɗa masa tare da karin sautinsa da garin mai faɗar. Kada a shiga kwalekwale babu rigar kariya, domin hatsarin jirgin ruwa ya ci rayuka da yawa a jiharmu. Yankin Shiroro da gandun dajin Kainji kuma sun sha fama da rashin tsaro, don haka a tambayi mutanen wuri kafin a kama hanya. Ni dai Tagwai nake komawa, domin akwai wani ɗan shuɗin tsuntsu mai faɗawa ruwa ya cafko kifi, wanda Baba ya ce sai na gan shi da idona zai gaya mini sunansa.